Abin da Na Ba Karen Tsoho a Silet

A shekarata ta huɗu da fara aikin gini a Tamanrasset aka laƙaba mini sunan likita, kuma in faɗi gaskiya, sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Aji shida na yi a lekkol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu kusa da Damagaram. Abin da na sani game da jikin ɗan Adam bai wuce wuraren da ke ciwo ba in mutum ya yini yana ɗaukar bulo. Amma ina iya karanta Faransancin da ke bayan kwalin magani da babbar murya, ko da rabinsa ya fi ƙarfin kaina, kuma a ɗakin da muke kwana a unguwar Gataa El Oued wannan kaɗai ya isa a ba mutum girma.

Mu masu aikin gini muna da wata ɗabi'a da ba mu ɗauka a bakin komai ba. In an tashi daga aiki, an watsa ruwa, an zauna shan shayi, sai a zagaya da ƙwayar gajiya yadda ake zagayawa da goro a gida. Diklofenak ne sunanta a kwali, mu dai diklo muke cewa. Baƙo ma in ya zo daga wata unguwa sai an miƙa masa. In ya ce jikinsa lafiya lau, a ce sha dai, ai gobe akwai aiki. Ba mai tambayar ko ka sa wani abu a cikinka. Ni ne mai rabo, ni ne kuma mai yanke wa kowa adadinsa, kuma ma'aunina buhun siminti ne, don shi ne nauyin da hannuna ya sani. Sai in dubi mutum tun daga kai har ƙafa in ce, kai buhu ɗaya da rabi ne, sha biyu. Siriri kuma in ce masa, kai da ƙyar ka kai buhu, ɗaya ta ishe ka. Suna dariya suna sha, gajiya tana sakinsu, ni kuma kaina yana ƙara kumbura.

Da zafi ya fara shigowa a wannan shekarar, wani mai lambu ya ɗauke mu aiki a Silet, wani ƙauye mai ɗan nisa da Tamanrasset, ni da wani abokin aikina mutumin Maradi da ya girme ni. Wurin tara ruwan ban-ruwa za mu gina masa da siminti, abin da ake ce wa basan. Mai lambun a gari yake zaune, ya kai mu ya nuna mana wuri ya koma. Wanda muka tarar a can wani tsoho ne Ba'abzine, da ya baro wajen Agadas tun yana da ƙarfi, yana zaune shi kaɗai a gefen lambun cikin ɗakin ƙasa, da wani ƙaramin ɗakin ajiya a bayansa. Yana gadin lambun, yana kiwon ƴan awakinsa. Hausarsa irin ta mutanen Abzin ce, a hankali, kamar yana auna kowace kalma kafin ya ba ka. Yanar ido ta rufe masa gani, hasken rana da inuwar mutum kawai yake gani. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mana ƴaƴana.

Yana da kare. Irin dogayen nan ne masu siririn ciki da launin yashi, waɗanda ko sun ƙoshi sai ka ƙirga haƙarƙarinsu. Karen yana da suna da yarensu na Tamahak, amma harshena bai taɓa kama shi daidai ba, har na daina gwadawa. Mu a garinmu ba a shafa kare, sai dai a kore shi daga bakin zaure, shi ya sa da farko abin ya ba ni mamaki da na ga tsoho yana zuba masa madarar akuya kafin shi kansa ya sha. Kwana biyu suka isa in gane dalili. Karen ne ke fita da awaki da safe, shi ke dawo da su. Shi ke jin dila tun daga nesa. In tsoho zai je rijiya, karen na tafiya a gefensa har jikinsu yana gogar juna, in akwai rami ya ratse, tsoho ma ya ratse. Ba don karen nan ba, da mutum mai irin wannan idon bai isa ya zauna shi kaɗai a wurin ba.

A mako na biyu karen ya dawo daga kiwo yana ɗingishi, ya ɗage ƙafar baya ɗaya ba ya taka ta. Tsoho ya zauna ya lalube ta da yatsu tun daga cinya har farce, ya ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, ya samu a cikin duwatsu. Ya shafa mata mai, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure karen a inuwar dabino. Ina tsaye ina kallo, ina jin abin kamar wasan yara.

Na ce, "Baba, ga magani a aljihuna. Ƙwaya ɗaya zan ba shi, gobe ka gan shi yana gudu."

Ya ce, "Wane magani, ɗana?"

"Wanda muke sha in jiki ya yi tsami. Ba abin da ya kai shi kashe ciwo."

Ya ɗora hannunsa a kan wuyan karen, ya ce, "Naku ne, ku sha abinku. Shi in shina jin ciwo zai kwanta, in ya kwanta zai warke. Kada ka ba shi."

Abokin aikina yana kwaɓa siminti a kusa, ya ji duka. Ya dogara da shebur ya ce, "Likita, yau an kore ka daga asibiti ke nan." Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta zauna mini a rai. Ni da manyan ƙarti suke layi a gabana, a ce tsohon da ba ya gani ya ƙi maganina saboda mai da tsumma. Tun a wurin na ƙudura sai na nuna masa.

Abincinmu a wurin aiki burodi ne da sardin na gwangwani. Da hantsi, tsoho ya tafi duba awakinsa da ke ɗaure tunda ba mai fita da su, na ɗauki kifi ɗaya na tura ƙwaya a cikinsa, na jefa wa karen. Ko taunawa bai yi ba. Kafin in jefa sai da na yi lissafina irin na kullum. Na dube shi na ce bai kai rabin buhu ba, don haka rabin ƙwaya ya kamata. Sai wani tunanin ya zo mini: wannan dabba ce mai cin ƙashi, cikin da ke narkar da ƙashi ai ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Na yanke masa ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Har wani daɗi na ji da na gama lissafin, irin daɗin da nake ji in na sa igiya na ga bango ya miƙe.

Washegari ya taka ƙafar. Kwana na uku yana ta jan igiya yana kuka, tsoho ya kwance shi, ya fita da awaki a guje kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Tsoho ya yi ta murna. Da muka zauna shayi ya ce mana man nan uwarsa ce ta koya masa haɗa shi, bai taɓa ba shi kunya ba. Na ce lallai Baba, mai ya yi aiki. A raina kuwa na riga na shirya yadda za ta kasance: ranar da muka gama basan, a zaman shayi na ƙarshe, zan ciro takardar ƙwayar da ta ƙare in sa masa a tafin hannu, in ce Baba, laluba ka ji man da ya warkar da karenka. Har yadda abokin aikina zai ƙyalƙyale da dariya na hango.

Ban daina ba shi ba. Na ce bari ya cika mako, ciwon ya fita gaba ɗaya. Ga zafi, ga shi yana yini a daji da awaki ba ruwa sai ya dawo. Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne karen ya saba da ni. Da ya ga na nufi bayan tarin yashi sai ya biyo ni, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana duban hannuna. Ni da ban taɓa taɓa kare ba, har na fara shafa masa kai.

A kwana na shida na jefa masa kifin, ya shinshina ya kau da kai. Washegari bai fita kiwo ba. Ya kwanta a gindin dabino ya lanƙwashe jiki, can ya tashi ya yi amai, ya koma ya kwanta, ya sake tashi. Tsoho ya ji ƙarar aman, ya kira ni.

"Ɗana, zo ka duba mini. Wane launi ne?"

Na duba. Baƙi-baƙi ne kamar garin kofi da aka jiƙa, da ɗigon jini a ciki. Kashinsa ma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da ban taɓa ji ba. Na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat. Na faɗa wa tsoho duk abin da na gani, muryata daidai, kamar mai ba da labarin abin da bai shafe shi ba.

Kada in yi wa kaina kwaskwarima in ce ban gane ba. Na gane tun a kallon farko. Shekarar da ta wuce wani mutumin ɗakinmu ya yi irin wannan aman, muka kai shi asibiti, aka ce ƙwayar gajiya ce ta ci masa ciki. A lokacin mun ce shi ne ya cika sha ba ci, muka ci gaba da abinmu. Da na ga aman karen nan, shi na tuna. Wurin faɗin gaskiya ke nan, tsoho yana tsugune kusa da ni, babu kowa sai mu biyu. Sai na ce, "Baba, mu kai shi wurin likitan dabbobi a gari." Na ɗauka in na yi ta kai da kawo a kansa, hidimar za ta tsaya a madadin maganar.

Da sassafe muka samu motar da ke kai kayan lambu kasuwar Tamanrasset. Abokin aikina ya zauna da awaki da aikin. Ni na ɗauki karen, na shimfiɗa buhu a cinyata na kwantar da shi. Da na ɗaga shi na ji lallai bai kai rabin buhu ba, ko kusa. Tsoho yana gefena ya riƙe ƙafar karen ta gaba duk tsawon hanya. A motar ne ya gaya mini yana da ƴa da ke aure a unguwar Sersouf cikin Tamanrasset, ta daɗe tana son ta ɗauke shi ya koma wurinta saboda idonsa, shi kuma ya ƙi. Ya ce in mun gama da likita mu juya kawai, kada mu bi ta gidanta.

Likitan dabbobin saurayi ne daga arewacin ƙasar, Larabci da Faransanci yake ji. Tsoho kuma Tamahak da Hausa, Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba. Don haka ni na tsaya a tsakiya ina yi musu tafinta. Likita ya kwantar da karen a tebur, ya duba dasashi, ya danna ciki, karen ya yi wani ɗan kuka. Ya tambayi kwana nawa, na faɗa. Ya tambayi launin amai, na faɗa. Sannan ya ce in tambayi tsoho ko an ba karen maganin mutane, musamman ƙwayoyin ciwon jiki.

Na juya na ce, "Baba, yana tambaya ko an ba shi maganin mutane, irin na ciwon jiki."

Tsoho ya ce, "A'a. Mai na shafa mishi a ƙafa, shi ke nan. Ba ni aje irin wannan abu."

Na juya na ce wa likita tsoho ya ce a'a. Ban ƙara ba, ban rage ba. Da bakina na kai tambayar, da bakina na dawo da amsar, ga ragowar ƙwayar a aljihun rigata, ina jin gefen takardarta yana sukar ƙirjina.

Likita ya ce ya tambaya ne don ya sha ganin haka. Ya yi bayani, ni kuma dole in maida shi Hausa jimla bayan jimla. Ya ce kare ba ƙaramin mutum ba ne. Ƙwayar da mutum zai sha ya tashi lafiya, shi tana daɗewa a jikinsa, ta ƙona masa ciki har ya huje, ta kashe masa ƙoda, balle in ana zafi kuma ba ya samun ruwa sosai. Ya ce mutane suna yi ne da kyakkyawar niyya, su ga dabba ta daina ɗingishi su ce ta warke, su ƙara mata. Duk wannan na faɗa wa tsoho da Hausa mai kyau, yana gyaɗa kai yana cewa Allah shi kiyaye. Ban taɓa yin tafinta mai tsabta kamar ta ranar ba.

Sai likita ya dube ni ni kaina, ya ce ku da kuke aiki a wurin fa, ba wanda ya yar da magani a ƙasa? Na ce babu.

Na sha tambayar kaina abin da na ji tsoro. Ba jandarma a wurin, ba mai dukana, tsoho ko sanda ya ɗaga sai na nuna masa inda nake. Fuskarsa kawai na kasa kallo. Ya ce kada in ba shi, na ba shi, na zauna na sha shayinsa ina yaba mansa. Ga kuma abokin aikina da zai kai labari ɗaki, a yi ta faɗa har Damagaram cewa likitan magina ya kashe karen makaho. Abin da na ɗora a sikeli ke nan, a ɗaya gefen kuma ran karen, kuma nawa ya rinjaya. Ina jin kunyar wannan fiye da kunyar ba shi ƙwayar. Ƙwayar jahilci ne da girman kai. Shirun kuwa da sanina na yi shi.

Likita ya ce to in ba wannan ba ne, akwai maganin ɓera a gidan? Shi ma yana sa zubar jini a ciki. Da na maida tambayar, sai na ga tsoho ya saki ƙafar karen. Ya ce akwai. Ɓeraye sun dame shi a ɗakin ajiya suna cin dabino, ya sa aka kawo masa, shi da kansa ya ajiye da lalube, kwanaki kaɗan da suka wuce. Likita ya ce to ga bakin zaren. Ya ce da ƙwayar mutane ce, da sai ya riƙe karen kwanaki yana ƙara masa ruwa ta jijiya, da maganin da zai kare cikin. Tunda gubar ɓera ce, akwai allurar da ke karya ta. Ya yi masa allurar, ya ba mu wani magani, ya ce mu yi ta ba shi ruwa, in bai canza ba mu dawo. Mutumin nan ya yi aikinsa daidai da abin da aka gaya masa. Wannan bayanin ma ni na fassara, har da wurin da ya ce da ƙwayar mutane ce da ya riƙe shi.

Ban sani ba ko da na yi magana karen zai tashi. Mai yiwuwa ƙodar ta riga ta tafi. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan, amma ba ya riƙe ni, don a lokacin da na yi shirun ban san haka ba, kuma ban tambaya ba.

Muka koma Silet. Ina ɗura masa ruwa da murfin buta, yana dawo da shi. Fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya. Kwana biyu bayan dawowarmu, da hantsi, ina kan shafen basan, na ji tsoho ya daina yi masa magana. Na sauko na tarar ya rufe shi da tsohon rawaninsa. Ni na haƙa ramin da shebur ɗin aiki, a bayan lambu inda ƙasa ke da taushi. Abokin aikina ya taya ni jera duwatsu a kai saboda dila, ya yi wa tsoho gaisuwa, ya koma bakin aiki.

Da muka rage mu biyu, tsoho ya ce in raka shi ɗakin ajiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in shiga in kwashe maganin ɓeran duka in binne da nisa, kada akuya ma ta samu. Na shiga. Wuri uku ya sa shi, duka a kan wani katako da ke sama da kaina, a bayan gwangwanaye, cikin murafen kwalba. Ko da lalube ya yi, ya yi da hankali. Babu karen da zai kai wurin ko da tsani aka ba shi. Ƙura ma ta kwanta a kai, ko ɓeran bai taɓa ba.

Daga waje ya ce, "Ɗana, an ci?"

Na tsaya da murafen a hannuna. Kalma ɗaya ce za ta sauke masa kayan, amma in na ce ba a ci ba, tambaya ta gaba ita ce to mi ya ci. Na ce, "Baba, akwai duhu a ciki, ban iya tantancewa ba."

Ya ce, "Ba sai ka ɓoye mini ba. Na gane."

Na fito. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce shekara tara karen nan yana ja masa gora, shi kuma ya saka masa da guba da hannunsa, don ya ƙi yarda cewa idonsa ya ƙare. Ya ce ƴarsa ta yi gaskiya, amma in ta ji wannan ko kwana ɗaya ba za ta ƙara barinsa a nan ba, kuma mutanen Silet za su riƙa nuna shi.

"Kai kaɗai ka san yadda aka yi," in ji shi. "Kai ka ɗauke shi a cinyarka, kai ka yi mini baki wurin likita, ɗan cikina ma iyakar abin da zai yi ke nan. Abu ɗaya ya rage nike roƙonka. Ka rufa mini asiri."

Na ce, "Ba wanda zai ji daga bakina, Baba."

Ya haɗa hannuwana biyu cikin nasa ya yi mini addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da yarensu, ya roƙa mini albarka a sana'ata da iyalina, ya ce Allah ya rufa mini asiri yadda na rufa masa. Ina tsaye a rana ina cewa amin.